Wayar da na kwance daga kejin Baba

Buhu sittin na irin hatsi, ƙauyuka huɗu da yunwa ta sa suka cinye irinsu, da keji ashirin da biyu na ragar waya da aka cika da ƙasa aka jera gaban mangaza, wato ɗakin ajiyar irin: abin da ke gabanmu ke nan a garinmu, kusa da Tsarnawa, wata Asabar cikin watan huɗu na 1985. Tun hantsi fili ya cika da mata riƙe da ƙwarya, maza da buhunan da suka sha faci, jakuna ɗaure a gindin magarya. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina bisa reshen dogon yaro tare da tsararrakina. Su suna kallon mutane, ni idona yana kan keji na bakwai daga ƙofa, domin na san abin da na yi masa.

Mahaifina, Nomau mai zana, shi ya ɗaure kejin nan duka. Asalin sana'arsa saƙar zana da gamba ce, amma da fari ya hana gamba fitowa, sai masu aikin tare zaizayar ƙasa suka ɗauke shi, suka koya masa ɗinka ragar waya ta zama akwati, a cika ta da dutse a bakin kwari. Hannun da ya saba da saƙa bai sha wuya ba, cikin wata biyu ya zama shugaban masu ɗauri, ana ba shi abinci kowane mako, gidanmu na ɗora tukunya lokacin da maƙwabta ke dafa ganye. Da aka ce za a kawo iri, Maigari ya tuna yadda aka tattake mutane wajen rabon baya, sai Baba ya kawo shawara. Dutse yana da nisa, amma in aka shimfiɗa tsofaffin buhuna cikin kejin aka cika da ƙasa, aka jera su layi biyu, za a sami lungu wanda mutum ɗaya kaɗai zai bi. Kwana tara aka yi ana aikin, mu yara muna ɗauko ƙasa da tasa bayan an taso daga lakwal, wato makarantar boko.

A lokacin ni na riga na fara fatauci, ko da ban san sunansa ba. Da safe in ɗebo ruwa da jaki, in kai awaki bakin kwari su ci ƴaƴan gawo, da yamma ana langa ni ina gefe ina lanƙwasa motar waya. Tayoyin daga tsohon silifa nake yanka su, in sa dogon kara na tuƙi. Yara sukan ba ni tattabara ko ƙwai, ɗan wani mai kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, ma ya taɓa ba ni ɗan zakara. Matsalata ɗaya ce, waya. Wadda muke tsinta ta yi tsatsa, tana karyewa. Wayar ɗinkin Baba kuwa fara ce, mai laushi, tana bin yatsa yadda kake so, kuma a ƙirge take, ba ya barin ko taƙi ɗaya a ƙasa.

Sai na yi lissafi irin na ɗan garin da ake gini da laka. Na ga katangarmu tana tsaye babu abin da ya riƙe ta, na ce ai ƙasar kejin ma ta kwana ta zauna, ba ta bukatar waya. Ban yi tunanin katanga sai an kwaɓa ta da ruwa da ciyawa ba, wannan kuwa busasshen rairayi ne kawai. Wata rana da azahar, gari duk an shige inuwa, na ɗauki awartakin Baba na je ta baya, inda awaki ke kwanciya, na warware ɗinkin gefe biyu na keji na bakwai tun daga ƙasa har kusan sama. Ko motsi bai yi ba. Mota uku na fitar daga wayar, kamiyo guda har da tirela.

Ranar rabo abu ya tafi daidai har rana ta take. Mutum ya shiga lungu, a auna masa tiyarsa, ya fita ta ɗaya ƙofar. Sai wani ya ce buhuna sun kusa ƙarewa. Na baya suka turo na gaba, na gaba suka jingina da kejin. Ashirin da ɗaya suka tsaya kamar duwatsu. Na bakwai ya buɗe ciki, ƙasa ta zubo, mutane suka afka ta giɓin. Kafin jandarma biyu da ke wurin su kai ƙofa, an farke buhuna, iri ya gauraye da rairayi ƙarƙashin ƙafafu. Gwaggo Hajo, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta karye a cinya, ba ta sake tafiya ba sanda ba. Mutanen ƙauyen da ya fi nisa suka koma da ƙwarya wayam. Kwana uku mata na tankaɗe ƙasar filin da rariya.

Washegari aka tara dattawa ƙofar Maigari, mai kula da aikin ya zo daga Ƙwanni da babur. Ina laɓe bayan zana. Aka tambayi Baba ko wani ya taɓa kejin. Ya ce ya duba, ɗinkin ne ya tsinke. Maigari, wanda abokinsa ne tun kaciya, ya ce masa ya sake tunani, Nomau ba ya ɗaurin da ke tsinkewa. Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, hannuna ya ɗaure shi. Kar a nemi kowa." Aka karɓe aikin aka ba wani. Har masu sayen zana suka riƙa jan ta da hannu a gabansa suna tambaya ko wannan za ta tsaya. Bayan girbi ya tsallaka iyaka cin rani, abin da bai taɓa yi ba, kuma rani shida a jere bai kwana gida ba. Ni kuwa ina ganin na tsira.

Sai bayan rasuwar Baba, ina da mata da rumfata a kasuwa, Inna ta faɗa mini tana sussukar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce tun yammacin ranar rabon Baba ya je ya tona, ya ga bakin wayar a warware tsaf ba a tsinke ba, kuma ya riga ya ga kamiyona mai tirela. Shi da kansa ya ƙara guntayen waya ya kakkarya su don dattawa su ga kamar tsinkewa ce. "Kai Illiya, kana tsammanin ubanka makaho ne? Cewa ya yi yaron da aka kira ɓarawon irin gari, ko allura ba za a sake ba shi ajiya ba."

Yau kayan gini nake sayarwa a Ƙwanni, har da waya. In na bi babbar hanya nakan ga irin kejin nan a wuraren binciken jami'an tsaro, manya, da ƙyalle a ciki, mota ke cika su cikin sa'a guda, ba wanda ya san hannun da ya ɗaure su. A zamaninmu kowane ɗauri yana da mai shi, shi ya sa Baba ya iya ɗaukar laifin. Shekara talatin ke nan manyan ƴan kasuwa na bar mini kaya da mabuɗin sito ba tare da shaida ba, suna cewa Illiya ba a taɓa jin kansa ba. Gaskiya ne, ba a ji ba. Na sami suna, Baba ya rasa nasa, kuma ban taɓa ce masa na gode ba.