Hoton da ke cikin laya

Da tire ɗaya na fara sayar da kayan hoto a bakin tashar Parakou, batir da igiyoyin caji. Kafin in kai ga buɗe shago a unguwar Ganou na riga na gane cewa kamera ba ta cika ba mutum kunya ba, katin memori ne ke yi. Mu a nan kart memwar muke ce masa, na'urar da ke karanta shi a kwamfuta kuma lekter. Duk katin da ya shigo hannuna sai na cika shi fal da hotuna, na bi su na buɗe, kafin in sa shi a gilashin kayan sayarwa. Akwai na jabu masu nuna babban ciki, alhali sabon hoto yana cinye tsoho.

Cikin masu sayayya a wurina akwai wani magidanci ɗan Djougou, mai ɗaukar hoton suna da biki. Gidansu tsofaffin fataken goro ne, mahaifinsa kuma malamin allo. Ranar da ya sayi kamera na ce ya ɗauki ƙananan kati biyu maimakon babba ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan.

"Alhaji, kai ko allura aka zo saye sai ka ce a haɗa da ƙanwarta," in ji shi.

Ɗaya ya ɗauka, amma mai kyau, irin wanda ni kaina nake amfani da shi.

Da damina ya rasu a hanyar Kolokondé. Yana dawowa daga wani suna a kan babur, motar doya ta haɗa da shi a wata kwana. Kamerar ta ragargaje. Katin ya fito lafiya.

Bayan an share makoki mahaifiyarsa ta zo Parakou wurin 'yarta da ke aure a unguwar Ladjifarani, ta nemi shagona. Ta kwance bakin gyalenta ta miƙo mini katin. Na sa a lekter. Jarirai, raguna, mata sun sha ado, duk mutanen da ba ta sani ba. Mai ɗaukar hoto ba ya fitowa a hoto. Sai can kusa da ƙarshe, wani ya karɓi kamerar ya ɗauke shi: yana tsugune gaban kwanon sakwara, ya ɗaga hannu yana kare fuska, yana dariya. Hoton ya ɗan yi hazo. Shi ke nan hotonsa a duniya, ban da na katin shaida da ke binne a wani ofis.

Ta daɗe tana kallo. Na ce, "Inna, bari in wanke miki shi a takarda."

"Malam ya ce hoto ba ya kwana a gidansa."

"To in ajiye kwafi a kwamfutata."

"A'a, ɗana. Da sharaɗi ya bar mini wannan. Ya ce abin da ba a gani ba hoto ba ne sai an buɗe. Amma kada a yaɗa shi, ko a takarda ko a injin wani. Na amsa masa."

Danna maɓalli ɗaya ya isa in kwafa ba ta sani ba. Ban yi ba. A shagona abin da mai kati ya hana ba a yi, shi ya sa matan aure ke kawo mini hotunansu da kansu. Har yau a kan haka nake.

Zuwanta na gaba, katin na rataye a wuyanta. Ta kai wa baduku ya ɗinka masa gida na jar fata kamar laya, da ɗan murfi. A gidajen Djougou haka ake yi wa abin da ake ji da shi. Na gaya mata gaskiya: gumi da ruwan alwala da zafin jiki suna cin ƙarfen da ke bayan kati, ko da wanda ya fi kowane kyau ne. Wurinsa busasshen gwangwani, cikin akwati.

"In bar shi a akwati shi kaɗai?" ta ce.

Abin da na iya shi ne na ware mata lekter nata, mai baki ɗaya, sabo. Mai bakuna da yawa da kowa ke cusa kati a ciki riƙonsa ya saki, ga cutar kwamfuta da yake kwasowa. Nata yana cikin aljihun tebur, ba mai taɓa shi. Duk sanda ta zo ganin 'yarta sai ta biyo, in goge ƙarfen katin da auduga, in juya mata allon, in fita bakin ƙofa in ba ta wuri. Ba ta kuka. Wani lokaci ina jin tana ba shi labarin gida, wa ta haihu, wa ya tafi Makka.

Ƙarfen ya fara dusashewa, daga ruwan zinariya zuwa kore. Hotunan jarirai suka fara ƙin buɗewa. Zuwanta na ƙarshe, nasa ya buɗe rabi: kai da hannu suna nan, daga ƙirji zuwa ƙasa toka-toka.

"Inna, wannan katin yana mutuwa. In ba a kwafa yau ba, ban ɗauki alkawarin gobe ba."

Ta mai da shi cikin fatarsa. "Sai na tambayi Malam."

Ba ta dawo ba. A bakin surukinta na ji ta rasu.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani tsoho dogo ya tsaya a ƙofar shagon, da rawani da sanda, bai shigo ba sai da na fito na gaishe shi. Ban taɓa ganinsa ba, amma daga goshinsa na gane mahaifin mai ɗaukar hoton ne. Ya ciro layar daga aljihu.

"An ce kai kake buɗe shi."

"Ni ne, Baba Malam."

"Masu wanka ne suka cire daga wuyanta. Ba su lura ba sai da suka zuba ruwa." Ya miƙo mini layar. "Ta tambaye ni zancen kwafi. Na ce ta bari in duba."

Na ba shi kujera. Fatar ta ƙandare, sai da reza na buɗe ta. Na goge katin, na sa a lekter ɗinta. Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, ko in share shi? Na ce a'a. Na gwada mai bakuna da yawa, na fasa kwalin sabo, na sa a kamerar da ke gilashi. Na aika aka kira wani mai gyara da na yarda da shi, ya duba da madubi, ya girgiza kai. Tsohon yana zaune, hannuwansa a kan sanda, idonsa a kan allon da babu komai.

"Babu, Baba Malam. Ya tafi."

Bai tambaye ni ko na ɓoye kwafi ba. Ina jin ya san amsar, tun da shi ya kafa sharaɗin.

"Kai ka gan shi?"

"Sau da yawa."

"Me yake yi a ciki?"

Na gaya masa. Tsugune, gaban kwanon sakwara, farar riga, ya ɗaga hannu kada a ɗauke shi.

"Wane hannun ya ɗaga?"

"Na hagu. Na dama yana cikin kwano."

Ya gyaɗa kai. "Dariya yake yi?"

"Dariya yake yi."

Ya karɓi katin, ya mai da shi cikin yagaggiyar fatar da yatsunsa, ya daɗe kafin ya shiga. Na ce in sa a kai shi tasha a babur. Ya ce ba ya hawa babur yanzu, in nuna masa hanya kawai. Na fito na nuna masa.