Hannun Daman Baba Ƙungiya

"Wannan ne na ƙarshe, Baba. Daga yau ba zan ƙara fito da kai cikin rana ba."

Sanata ne ya faɗi haka, yana durƙushe a gaban keken guragun da mahaifina ke kai a zauren gidanmu, ranar da aka dawo da shi daga filin taro, gumi ya jiƙa masa riga, laɓɓansa sun bushe. Ina tsaye da kofin ruwa a hannu, da kunnena na ji. Bayan wannan na ƙarshen an yi wani zaɓe, aka sake fito da shi. Sanata ya sauya jam'iyya, aka yi biki, aka sake fito da shi. Sai ga shi Mai cika alkawari Ya cika wa Sanata nasa. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mahaifina, tsohon shugaban ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, wanda kowa ya sani da Baba Ƙungiya. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Baba, masu zuwa gaisuwa suna ta ba ni haƙuri, wasu har suna satar kallon idona, suna mamakin yadda ya bushe. Na yi kukana, kuma zan ƙara. Amma abin da ya fi cika mini ƙirji tun ranar nan shi ne sauƙi, irin na wanda ya sauke tulu daga ka. Ba ni kaɗai ba ce. Da Inna ta rufe maka ido, ta gyara maka mayafi, sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ya tsere musu."

Waɗanda ba su riske ka da ƙarfinka ba ba za su gane maganar Inna ba, sai an koma baya.

A ɗakin saƙa ka yi ƙuruciyarka. Ƙarar injuna ta cinye maka rabin ji, shi ya sa har ka tsufa ba ka iya magana a hankali ba. In kana addu'a a ɗaki, maƙwabta ne ke cewa amin. Inna takan ce ba ta taɓa tsoron ka yi mata ɓoye-ɓoye ba, domin ko raɗa ka yi sai mai shagon bakin layi ya ji. Kakan dawo da yamma da ɓurɓushin auduga a gira da gemu, mu yara mu yi ta rububin tsince maka, kai kuwa kana ta yi mana tsawar da babu mai tsoronta. Sannan ka miƙo mini jarida ka ce in karanta da ƙarfi. Kowane labari na gama, sai ka tambaye ni wa ya ci riba a ciki, wa aka bari da asara. Yau ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma ban samu tambayar da ta fi wannan ba.

A ɗakin saƙa murya ba ta da amfani, da hannu ake magana. Ma'aikata sun san in Baba Ƙungiya ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ɗaga hannun dama, to kowa ya kashe injinsa. Ba ka yawan ɗaga shi, shi ya sa yake da nauyi. Ka ɗaga shi ranar da bel ɗin inji ya cire wa wani masaƙi yatsu, manaja ya ce gangancinsa ne, a sallame shi. Waɗanda suke wurin sun ce injuna suka riƙa mutuwa layi bayan layi, har aka ji kukan mutumin daga ƙarshen ɗaki. Ba a kunna ko ɗaya ba sai da manaja ya sauko da kansa, ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti. Mutumin ya ƙarasa aikinsa a matsayin mai kula da sito, kuma shi ne ya riƙe gaban makararka ranar Talata, da hannunsa mai yatsu biyu.

Lokacin dogon yajin aiki, gidanmu ya koma ɗakin girkin unguwa. Ka sayar da babur ɗinka, ka koma tafiya a ƙasa, ka ce dama likita ya ce ka rage tumbi. Babu likitan da ya ce maka haka. Inna ta ce ita mutum ɗaya ta aura, sai ta tarar an kai ta gidan masaƙa guda. Kai ne na ƙarshen ci, in an rage. In ba a rage ba, ka sha ruwa ka yi gyatsa da ƙarfi don mu ji.

A wannan zauren ne Sanata ya taso. Ƙaramin akawu ne a ofishin albashi, mai kyan rubutu da zaƙin baki. Ka jawo shi, ka naɗa shi sakataren ƙungiya. A kwano ɗaya kuke ci. Har ka rasa magana ba ka taɓa kiransa da wani suna ba sai Sakatare. Da masaƙa ta durƙushe, aka kulle ƙofa, ya ce a tura shi majalisar dattawa ya buɗe ta. Ka yarda da shi. Ka hau dandamali da ƙafarka, ka kama hannunsa ka ɗaga, dubban ma'aikata suka bi ka. Ba zan yi masa ƙarya ba, wannan karon da son ranka ne. Sau ɗaya ke nan.

Ga abin da aka samu. Sanata ya shugabanci kwamitin da ya yi gwanjon masaƙar. Kamfanin da ya saya, da aka bi diddigi, na ƙanen matarsa ne. Aka kwance injunan aka sayar wa masu awon ƙarfe. Inda ɗakin saƙa yake, yau ɗakin biki ne mai fitilu kala-kala, jikokin masaƙa ne ke share shi. A zauren majalisa ba a cika jin muryarsa ba, amma ranar da aka ji ta, ƙudirin ɗaure masu yajin aiki ya kawo, ya kare shi da ƙwarewar wanda ya san duk lungun da ƙungiya ke fakewa. Jam'iyya uku ya shiga, kowacce ya rantse a cikinta zai mutu, ga shi nan da ransa, har ya yi ƙiba.

Ka kira shi zaure, ka ce masa kada ya ƙara tako maka gida. Ba sai na kawo shaida ba, duk layinmu sun ji.

Ba a daɗe ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da kai. Ya ɗauke maka magana, ya kashe ɓangaren dama, yatsun hannun suka ƙanƙame ba sa buɗuwa. Sai ga Sanata da kyautar keke sabo fil. Muka ɗauka nadama ce. Ashe abin ɗaukar kaya ya kawo.

Ina so masu karatu su san yadda ake haɗa hoton nan da ke kan allunan talla a duk faɗin gari. Ana sa wa Baba babbar riga mai launin jam'iyya. Sanata ya tsaya a damansa, ya cusa wuyan hannunsa cikin yatsun nan da suka ƙanƙame, ya zura ɗaya hannun ta ƙarƙashin riga ya tallafo gwiwar hannun Baba, sannan ya ɗaga. Daga nesa sai ka rantse tsohon ne ya damƙi yaronsa ya ɗaga shi sama. Na karanta tarihin masu mulki iri-iri, na ga masu sayen ƙuri'a da masu sace ta, amma ban taɓa cin karo da wanda ya ari hannun mara lafiya ya zaɓi kansa da shi ba.

Kuma ba wai ba ka san abin da ake yi ba ne, Baba. Hankalinka garau yake. Da ka ji jiniyar motocinsu sai ka juya fuska bango. In aka turo kekenka, sai ka kama gefen ƙofar zaure da hannun hagu, ka riƙe gam. Autanmu, wanda Sanata ya ba muƙamin mataimaki na musamman, shi ne ke ɓamɓare yatsunka, yana cewa, "Haba Baba, minti goma ne kawai." In an dawo da kai ba ka cin abinci sai washegari. Na sa wa ƙofa kwaɗo, sai suka koma zuwa ina makaranta, sun san Inna ba za ta iya da ɗanta da ƙarti huɗu ba. Na je ofishinsa, aka zaunar da ni a benci har aka tashi, sannan wani ya leƙo ya shaida mini cewa Sanata a matsayin uba ya ɗauki Baba.

Wata mai zuwa za a yi zaɓen fid da gwani. Tun makon jiya aka aiko da sabuwar riga, aka rataye ta a ƙusar da ke fuskantar gadonka. Ba ka sa ta ba. Ranar Talata ka sha shayinka, Inna tana shafa maka mai a ƙafa, rediyo yana ta surutunsa, hasken rana ya shigo ta taga. Ka ja numfashi, ka sake. Ba gargara, ba wahala. Kawu Makanike, abokinka tun kuna samari, yana cikin waɗanda suka yi maka wanka. Ya ce mini da suka zo kan hannun dama, sai yatsun suka saki, suka miƙe kamar na mai barci. Na gode wa Allah a kan wannan har yau.

Da a nan maganar ta tsaya, da wannan rubutu addu'a ce zalla. Amma Sanata ya zo gaisuwa. Masu kyamara ne suka riga shi isowa, suka gwada haske, suka matsar da tsofaffin masaƙa gefe don kada su tare hoto. Sai da komai ya kammala sannan hawayensa suka zubo. Ya sanar da cewa zai kafa gidauniya da sunan Baba Ƙungiya, zai yi gangamin tunawa da shi kafin zaɓe, kuma za a ƙara allunan hoton nan, a zagaye su da baƙin layi. Inna tana bayan labule, ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce, "Sakatare, mai hannun ya tafi da abinsa. Sai ka nemi wani." Ya yi kamar bai ji ba, masu kyamara kuwa suka sunkuyar da kai.

Dangi sun ce in bari a gama zaman makoki, ba a tayar da rigima a kan gawa. Na ji, ina kuma girmama su. An hana mu ambaton mamaci da sharri, amma Sanata lafiyarsa ƙalau. Abin da ya hana ni shiru kuwa, wata dattijuwa ce da ta yi aiki a sashen kaɗi, ta kama hannuna a wurin gaisuwa, ta ce su dai sun ji zafin sayar da masaƙa, amma tun da Baba da kansa ya yafe wa yaron har yana ɗaga hannunsa, su su waye da za su ƙi. Haka ta jefa masa ƙuri'a, ita da 'ya'yanta. Ka ga abin da aka sace maka, Baba. Ba ka bar mana gida mai bene ba, ba ka bar fili ba. Shaidarka ka bari, ita ce mutane ke bi ido rufe, kuma ita ake so a ci gaba da juyawa bayan an binne ka.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka saka masa da kowace loma da ya hana cikinsa ya ba ɗan wani. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka sa Aljanna ce makoma.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda ta yi jinya ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ga Kawu Makanike da sauran tsofaffin masaƙa, waɗanda suka rasa uba alhali su ma kakanni ne. Ga 'yan'uwana mata da jikoki. Ga Auta kuma, wanda na ga yadda ya durƙushe a bakin makara har sai da aka ɗaga shi. Ubanka ne kamar yadda yake ubana, ƙofar gida a buɗe take. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura kai, Sanata. Kana da daga yau zuwa faɗuwar ranar Juma'a. Ka sa a sauke duk allon da ke ɗauke da hoton mahaifina, ka cire sunansa daga gidauniyarka da gangaminka. Likitan da ya duba shi ya yarda zai shiga gidan rediyo tare da ni ya faɗi abin da hannun nan zai iya da abin da ba zai iya ba, lauya kuma ya ce maganar tana da mazauni a kotu. Amma ba zan jira su ba. In gari ya waye Asabar alluna suna nan, zan fito da tsani da almakashi, Kawu Makanike zai riƙe mini tsanin. Da allon shataletalen bakin kasuwa zan fara. Ba zan taɓa fuskarka ba, ba zan yaga sunan jam'iyyarka ba. Rabin da mahaifina yake kaɗai zan yanke, in naɗe in tafi da shi gida. Kai kuma a bar ka a sama, hannu a ɗage, masu wucewa su duba da kyau su ga ko akwai wanda yake riƙe da shi.