Hayaƙinmu da Tagar Yaya

Ku matso kusa ku ba ni kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ya faru.

A unguwar Kudai, can ƙasa mai tsarki, muka zauna, ni da maigidana, muna sana'ar tsire a ƙasan gidan haya. Ni ke daka ƙuli da yaji, shi yana kan wuta. Bututun hayaƙinmu gajere ne, bakinsa daidai tagar bene na gidan da ke manne da namu. Mai tagar nan wata dattijuwa ce mutuniyar Damagaram, Yaya nake ce mata. Kowace Juma'a babbar 'yata kan kai mata tsire, kwanon ya dawo da dabino.

Nakan ce, "Yaya, hayaƙinmu bai dame ki ba?"

Sai ta yi tari, ta yi dariya. "Wane hayaƙi? Ƙamshin nan ai shi ne miyata."

Na san kawaici ne. Amsar ta yi mini daɗi, sai na bar ta a haka, shekara da shekaru.

Ran nan da hantsi ma'aikacin baladiyya, hukumar gari ke nan, ya zo. Ya dubi bututun, ya dubi tagar. Ya ce doka ce, bututu sai ya zarce rufin maƙwabta, in ba haka ba a rufe shago. Kwana uku mai walda ya ƙara masa tsawo. Aikin bai yi wuya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya kai ƙara. Na ce ita ce, ta ci namana ta zagaya ta bayana. Na hana kai kwano.

Muka haɗu a bakin hanya, ta ce, "Ƙanwata, lafiya kwana biyu?"

Na ce, "Lafiya lau, tunda kin samu iska."

Ta dube ni, ta wuce. Ba a jima ba ɗanta ya ɗauke ta zuwa unguwar Shisha. Ina kallo ta labule ana loda kayanta, ban fita ba.

Sai da labarin rasuwarta ya zo 'yata ta durƙusa gabana tana kuka.

"Ya ummi, ni na kai ƙarar. Kin taɓa hawa ɗakinta? Jiƙaƙƙen zane take cusawa a taga, bango baƙi ƙirin, har dardumar sallarta warin kitse take. Ta rantsar da ni kada in gaya miki, wai kar ki ji kunya."

Ban taɓa hawa ba. Matakala goma sha ce kawai.

An sallaci Yaya a Harami, Allah Ya jiƙanta. Maigidana ya bi ta bayan hajji biyu. 'Yata ta yi aure a unguwar Ka'akiyya, a ɗakinta nake zaune yanzu. Shagon wani ke gasa kaji a ciki, bututun yana nan a sama yadda doka ta ce. Ni kuwa ban nemi gafararta ba, kuma duk Juma'a sai na tuna.