Bawa Mai Tsoron Jini

Duk wanda ya taɓa gaisawa da marigayi Bawa ya san abin da zan faɗa. Kafin ka gama "ina kwana" ya kai yatsa ya ja fatar idonka ƙasa, ya leƙa, ya girgiza kai: "Ba ka da jini. Ci zogale." Ango ya ja wa ido a wurin ɗaurin aure, limamin ma bai tsira ba. Abin dariyar kuwa, mutumin nan da ke farautar jini a idon jama'a, in ya gan shi a fili zubewa yake yi kamar buhun gero!

Tare muka yi firamare a Zurmi. Kai, zamani! Ƙafa ba takalmi, aljihu cike da gyaɗa. Hedimasta ya naɗa shi monitan lafiya, ya danƙa masa kwalbar maganin gyambo, shuɗin nan da ba ya fita. Kafin Juma'a rabin makaranta ta rine, har da akuyar hedimasta.

"Bawa, mi akuyata ta yi maka?"

"Malam, tari takai."

"To tarin a ƙaho yake?"

Ni daga nan na koma gona. Shi ya ci gaba har ya samu makarantar koyon aikin lafiya. Muka raka shi tashar jirgi a Kaura Namoda kamar mai tafiya Makka, yana sanye da farar rigar likita da ya ɗinko tun bai ga ƙofar aji ba.

Karatu dai ba a magana, sunan kowane ƙashi yana bakinsa. Amma ranar da aka shigar da su ɗakin ɗinkin rauni, sai jin tim aka yi, Bawa ya zube. Mai raunin ne ya sauko daga gado yana yi masa fifita! Aka maimaita masa aji. Aka sake. Yaran da ya nuna wa hanyar ɗakin cin abinci suka fito suka bar shi.

Na ce, "Bawa, ka dawo mu yi noma. Dawa ba ta jini."

Ya ce, "Kai dai jahili ne. Sabo za ni yi."

Sabon nan ne ya kai shi wurin mahauta a kasuwar Shinkafi. Duk hutu yana can, ya kafa wa wuƙa ido. Ana yanka rago, su faɗi tare. Har Sarkin Fawa ya gaji ya ce, "Malam Bawa, don girman Allah koma wajen masu albasa. Mutane na cewa namanmu ka ci."

A ranar na laƙaba masa Sumau, kuma sunan ya kama shi fiye da yadda na so. Allah Ya yafe mini.

Daga ƙarshe malamansa suka ce in ya ƙara suma sau ɗaya, ya kwashe kayansa. Ya zo hutu jiki a sanyaye, ko idon mutane ya daina ja. A makon ne gatari ya kuɓuce mini a gona ya sare ni a ƙwauri. Aka kwaso ni zuwa asibitin gari, ma'aikacin ya tafi Kaura, ba kowa sai Bawa da ke taya shi aiki.

Na ce, "Wayyo, na mutu! Ku kai ni wurin wanzami!"

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan nema. Ku riƙe min shi, jama'a."

Gumi na zuba, yana ta "La haula" yana ɗinki. Ya gama, ya naɗe, ya wanke hannu tas. Sannan ya dubi mutane da natsuwa ya ce, "To, a ba ni wuri." Ya shimfiɗa tabarma, ya cire hula, ya kwanta, ya suma.

Da ya farfaɗo sai ya tashi yana tsalle: "Na gano! Ashe suma jinkirta ta akai!" Haka ya ci jarrabawarsa: ya gama aiki, ya nemi izinin zagayawa, ya je bayan aji ya zube. Har ya yi ritaya tabarmar nan na naɗe a gefen teburinsa, kuma daga Gurbin Bore har Jangeru ba a taɓa cewa ya bar rauni a buɗe ba.

Mun yi dariya shekaru, ba mu lura ba cewa tsoron bai taɓa barinsa ba, shi ne dai bai bar mu ba. Ya Allah, ya tsaya mana yana rawar jiki. Ka tsaya masa ranar da kowa zai firgita, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.