Taron da Baƙo Ke Fara Magana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Mamman, wanda ya daɗe yana jagorantar taron garinmu a ƙasar Bukkuyum. Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari shi ne tsarin zaman taro, ni kuma aka ɗora wa riƙonsa. Fargabata ɗaya ce tun ranar: kada tsarin ya mutu a hannuna.

Ga yadda yake. Idan an taru gindin tsamiyar kasuwa, wanda ya fi kowa zama sabo a gari shi ke fara magana. Sai masu bi masa. Dattawa daga baya, masu muƙami a ƙarshe. Ni mutum ne mai son babba a gaba, na kuwa ce masa wannan rashin ladabi ne. Ya yi dariya ya ce, "Kai Sani, in Baba Liman ya ce gabas, wa ad da bakin cewa yamma?"

Ban gane ba sai shekarar da ƙaramar hukuma ta ba mu rijiyar burtsatse. Dattawa sun riga sun tsayar a ransu a haƙa ta bayan makaranta. Aka fara da Modu, wani Babarbare da aikin zinari ya kawo, ko wata huɗu bai cika ba. Ya miƙe ya ce: "Ku yi mini afuwa, iyayena. A filin nan ake zubar da ƙasar da muka wanke. Irinta ce, mai gubar dalma, ta kwantar da yara a Bagega." Sai Baba Liman ya ce, "To, baƙo ya hi mu sanin bayan ɗakinmu!" Aka fashe da dariya. Aka mayar da rijiyar kusa da burtali, har makiyaya suka samu. Ita muke sha har yau.

Yanzu samari sun buɗe zauren gari a waya, kowa na magana lokaci guda. Da Yaya ya gani, na san zai riƙe kai. Amma zai ji daɗin ganin mata masu ƙuli-ƙuli suna zuwa taro da kansu, ba aike ba.

Watan jiya aka gwada ni. Sabon kansila ya zo taro kan gyaran hanyar kasuwa, ya ce mini, "Alhaji, a ba ni minti biyar, ana jirana a sakatariya." Idan ya tafi da fushi, hanya ta tafi. Idan na ba shi, gobe kowane babba zai nema. Na share gumi na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na sha biyu."

Ya dube ni, ya dubi motarsa, ya zauna. Ya saurari mai shayi, ya saurari 'yan kabu-kabu suna faɗin inda ruwa ke cinye hanya duk damina. Da aka zo kansa ya naɗe takardarsa, ya ce babu kwalbati a shirin da ya zo da shi, amma za a sa.

Yaya bai yi karatu mai zurfi ba, bai taɓa riƙe ofis ba. Ya dai san mai ƙaramar murya ba ya iya magana bayan babba, kuma wannan sanin ya rayu bayansa. Da kansila zai shiga mota, ya juyo yana murmushi: "Alhaji, taro na gaba ni na nawa ne? In san lokacin da zan ce a jira ni."