Ranar da Na Sayo wa Mama Sabuwar Doya

Mama, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana soya doya a gindin wani mangwaro a bakin titin Akurba. Babanmu ya rasu ina ɗan firamare, ya bar mata mu uku da rediyon da sai an mare shi yake magana. Da kaskon suyar nan ta ciyar da mu, ta kai mu makaranta. Ƙannena biyu suka riƙe boko da kyau, ni kuwa leƙawa na yi na gaishe su na fito.

Gindin mangwaron ba na kowa ba ne. Dokarsa ɗaya: murhu ya kwana uku ba wuta, wuri ya zama na wanda ya riga zuwa. Ga wata mai awara da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan inuwar nan. Shi ya sa Mama ba ta fashi, ko ran Sallah ana saukowa Idi za ka ga hayaƙinta.

Wata damina ta zame a bakin rijiya, ƙafa ta kumbura sumtum. Doya ta ƙare, zuwa sari kasuwar Agyaragu ya gagara. Kwana biyu murhu a mace. Mai awara har ta fara share wurin, wai taimako take.

Na ce, "Mama, ba ga ni ba? Duk Lafia wa ya taɓa yi min wayo?"

Ta ce, "Kai ɗan nan, doya ba kallon ƙwallo ba ce. Ka je wurin dattijon nan ɗan ƙabilar Tibi da nake saya. Ta bara za ka ɗauko, mai yamutsattsen baya, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Ina isa dattijon ya nuna min wani tari a gefe, duk sun motse, wasu har sun yi tsiro. Ya ce, "Wannan ne mamanka yana saya." Raina ya ɓaci. Ashe shekara da shekaru cutar baiwar Allah suke! Ga sabuwar doya can jibga-jibga, sumul, ƙasar gona ba ta ma bushe a jikinta ba.

Na ce, "Baba, yau ɗan gari ne ya zo. Loda min waccan."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙara min biyu gyara. Ni a zatona tsorona ya ji.

Da na sauke kaya a tsakar gida ina hura hanci, Mama ta ɗauki ɗaya ta kankara da farce. Ruwa ya tsattsafo. Ta yanka ta jefa a mai. Kasko ya hau tartsatsi kamar walda, doyar ta sha mai ta fito laɓe-laɓe, ko akuya sai ta yi shawara.

Ta ce, "Sannu ɗan gari. Rafi ka sayo min."

Gobe kwana na uku ke nan, kuma duk jarinta yana kwance a gabanmu. Ta murza ƙafa, can ta ce, "Ciro babbar tukunyar biki. Ka samo manja, alayyahu da busasshen kifi. Gishirina na garin Awe yana cikin kwalla. Wuƙa kuma ga ta, kai za ka fere."

Da safe muka ɗora ta a keke, ƙafa a miƙe, tukunya a cinya. Ta hura wuta ta ɗora fate. 'Yan acaba suka taru.

"Mama, ina suya?"

"Ku tambayi manajana, shi ya canza mana sana'a."

Suka yi ta min tsiya, amma hannu bai bar faranti ba. Kafin azahar ana kankarar gindin tukunya. Mai awara ma ta sayi faranti ɗaya, ta cinye tas, sannan ta ce yaji ya yi kaɗan.

Na matso ina washe baki. "Mama, kin ga dabarata ko?"

Ta miƙo min wuƙa. "Na gani. Saura tamanin a gida, ka je ka ci gaba da dabara."