Ƙauyen da Babu Mai Tari

Mun tashi da asuba daga Haɗejiya mu huɗu: direba, wata likita, mai gwajin ruwa, sai ni ɗan riƙon jaka. Wani kamfani ne zai kafa injin gyaran riɗi a wani ƙauye na Sule Tankarkar, aka tura mu duba lafiyar mutanen wurin tun kafin a aza tubali.

A Gagarawa muka karya da ƙosai da koko. A Gumel direba ya ji kuɗin mai, ya yi salati kamar an yi masa rasuwa. Muka leƙa Maigatari ganin rumbunan riɗi. Nan na ga masu sheƙa sun yi fari fat da ƙaiƙayi, ni kuwa atishawa har da hawaye. Likita ta ce abin da ya kawo mu ke nan.

Da azahar muka isa ƙauyen. Karamci dai sai wanda ya gani: fura da nono ƙwarya guda, tabarma sabuwa dal. Amma duk wanda aka tambaya, garau yake. Babu mai tari, babu mai haki, har tsohon da ke dogara sanda. Na ce lallai nan ya kamata in yo ƙaura.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta gane tsoro suke ji kada a ce garin na marasa lafiya ne, kamfani ya tafi wani wuri, samarinsu su ci gaba da tafiya ci-rani. Ta gyara zama, ta ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ba korar inji muka zo yi ba. So muke mu san inda za a ajiye shi, kada iska ta kwaso ƙaiƙayi ta kai wa mai ciwon ƙirji."

Can wani dattijo ya miƙe ya shiga gidan da ke daf da filin kamfanin, ya fito da jikarsa a kafaɗa, numfashinta yana fita da ƙyar. Ya ce, "Likita, ubanta yana kudu, don injin nan zai dawo. Amma mai ɓoye ciwo ba ya samun magani. Ga ta."

Wallahi sai da idona ya ciko. Bayansa mata suka yi ta fitowa da yara, likita ba ta tashi ba sai da ta duba na ƙarshe.

Mun dawo gida da shawarar a matsar da injin can bayan gari, a tare shi da itatuwa. Ko kamfani zai ji, Allah masani. Ni dai na koyi cewa ba a samun gaskiyar ciwo sai an fara cire wa mutum tsoro. Har yanzu ina ganin dattijon nan, wanda ya yarda ya rasa dawowar ɗansa in dai jikarsa za ta yi numfashi.